Amsoshin Tambayoyinku: Kacici-kacici a Ajin 'Yan Reno

TAMBAYA: Ni malama ce a wata makarantar reno, ajina na yara ne 'yan shekara uku zuwa biyar. Kwanakin baya wata abokiyar aikina ta turo mini jerin tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa na Turanci ta waya, na mayar da su Hausa na yi wa yaran. Na ce musu, zakara ya yi ƙwai a kan katanga, ina ƙwan zai faɗa? Wasu suka ce cikin gida, wasu suka ce waje. Da na ce ai zakara ba ya ƙwai sai suka yi tsuru-tsuru, ko mutum ɗaya bai yi dariya ba. Wata yarinya ma da ta fi kowa ɗaga hannu ta ɓata rai, har aka tashi ba ta ƙara cewa uffan ba. Shugabar makarantarmu ta ce ɓata lokaci ne, in koma kan baƙaƙe da ƙirga. Shin yaran ne suka yi ƙanƙanta da kacici-kacici, ko kuwa ni ce ban iya ba?

Daga wata malama, Gusau

AMSA: Sannu da fama da 'yan dugwi-dugwi, Allah ya saka da alheri. Yaranki ba su yi ƙanƙanta ba, ke ma ba gazawa kika yi ba. Abubuwa biyu ne muke kira da suna ɗaya, aka yi rashin sa'a kika ɗauko wanda ba nasu ba.

Akwai kacici-kacici irin wanda kakanninmu suke yi mana da dare kafin a shiga tatsuniya. Wannan siffanta abu ne a lulluɓe: a ɗauki abin da yaro yake gani kullum, a sa masa wata riga, a ce to gane shi. Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya. Amsar tana jingine a bayan ƙyaure, da ita aka share tsakar gida da safe. Akwai kuma tambayar tarko, irin ta zakaranki. Ita wannan a cikin jikinta aka dasa ƙarya, kuma ba a cin ta sai mai sauraro ya yi ƙarfin halin cewa tambayar ce ba daidai ba. To ki duba, wa yake tambaya, wa kuma ake tambaya? Anti ce tsaye, ɗan shekara huɗu yana zaune a ƙasa yana kallon bakinta. A wurinsa duk abin da ya fito daga bakin nan gaskiya ne. In Anti ta ce zakara ya yi ƙwai, to ya yi.

Wannan hali ba na yaranmu ne kaɗai ba. A 1980 wasu masana halayyar yara biyu a Birtaniya, Martin Hughes da Robert Grieve, sun wallafa wani gwaji da suka yi. Sun riƙa yi wa yara 'yan shekara biyar da 'yan bakwai tambayoyin da ba su da kai ba su da gindi, kamar a ce madara ta fi ruwa girma, ko ja ya fi rawaya nauyi. Kusan duk yaran sai da suka nemo amsa suka bayar, wasu har da kawo dalili. Ba wauta ce ta sa su ba. Yaro yana ɗauka cewa babba ba zai buɗe baki ya tambayi abin banza ba, don haka sai ya yi ta ƙoƙarin ɗinke ɓarakar da kansa. Ki ɗora tarbiyyarmu a kan wannan, inda tun yaro yana rarrafe ake koya masa ba a musu da babba, za ki ga inda yarinyar nan ta tsinci kanta. Ta yi duk abin da aka koya mata: ta saurara, ta yarda da ke, ta ɗaga hannu, ta amsa. Sai ga shi ashe rami aka haƙa mata, kuma wadda ta fi amincewa da ita ce ta haƙa. Shirun da ta yi ba taurin kai ba ne, lissafi take yi ko gobe ma ɗaga hannu zai sake jawo mata haka.

Sai kuma batun dariyar da ba su yi ba. Yawancin tambayoyin da ke yawo a waya sun dogara ne a kan kalma mai fuska biyu, ko a kan karkatar da hankali. Riƙe ma'ana biyu a kai lokaci guda kuwa abu ne da ke zuwa wa yaro a makare, galibi wajen shekara bakwai. Wani masani a Kanada, Thomas Shultz, ya gwada wannan a 1974. Daga cikin kacici-kacicin da ya gabatar wa yara akwai iri biyu, ɗaya da amsarsa ta asali mai ma'ana, ɗaya kuma an cire abin da ke ɗaure amsar da tambayar, an bar shirme zalla. 'Yan shekara shida ba su fifita na asalin a kan shirmen ba. Sai daga shekara takwas yara suka fara nuna sun fi jin daɗin mai ma'anar. In haka 'yan shida suke, ina ga 'yan huɗu?

Mu ma muna da irin waɗannan a Hausa, kuma suna da daɗi. Wace kuka ce ba ta zubar da hawaye? Wane gari ne ba a kwana a cikinsa, sai dai a tuƙa shi? Ki ajiye su sai yaran sun kai aji biyu ko uku na firamare. Da ma a baki kalmomin ba ɗaya suke ba: kukan jariri da kukar miya karin sautinsu daban, garin Gusau da garin dawa kuma akwai jan wasali a tsakaninsu. A rubuce ne suke zama tagwaye, shi ya sa wasan ya fi armashi ga yaron da ya fara karatu. Haka nan tambayar nan ta wanne ya fi nauyi tsakanin kilo ɗaya na auduga da kilo ɗaya na ƙarfe. Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, ya daɗe da nuna cewa in aka juye ruwa daga gajeren kofi mai faɗi zuwa dogo siriri a gaban ƙaramin yaro, cewa zai yi ruwan ya ƙaru. Wanda idonsa ke yi masa hukunci haka, ba za ki kama shi da zancen kilo ba. Ni ma na san manya masu gemu da har yanzu ƙarfen suke zaɓa.

To me ya rage? Abu mai yawa, kuma a gida yake. Ina so ki tsaya ki dubi yadda Bahaushe ya tsara wasan nan, domin akwai hikimar da ba a cika lura da ita ba. Da farko akan buɗe da wanda kowa ya sani. A ce ƙulin-ƙulifita, yara su amsa baki ɗaya: gauta! Yara ba sa zama su yi nazarin dalilin da ya sa gauta ce, haddacewa kawai aka yi, kuma amfaninsa ke nan. Kowa ya ci na farko, har da autan da ko magana bai gama iyawa ba, kowa ya ji yana cikin wasa. Sannan a shiga masu wuya. Idan aka kasa fa? Ba a cewa ka faɗi, ba a yi maka sifili, ba a kuma yi maka ihu. Mai tambaya ne zai ce a ba shi gari. Kai kuma da ka kasa sai ka zama mai kyauta, ka ce na ba ka Katsina. Yana iya yin yanga ya ce bai so, a ƙara masa, a yi ta ciniki ana dariya har a kai Kano ko Makka, ya karɓa ya ce ya ci garin, sannan ya fasa ƙwai. Kin ga an mayar da rashin sani ya zama wani sashe na wasan, har ma yara kan fi son wurin ba da garin a kan amsar kanta. Wanda bai sani ba ya tashi da mutuncinsa, ya kuma tafi da amsar da zai je ya ɗana wa ƙaninsa gobe.

Wannan shi ne abin da jerin da aka turo miki ba shi da shi. Da a ce bayan zakaran akwai wata ƙofa irin ta ba da gari, da yarinyar nan ta bi ta fita tana dariya. Ga kuma riba ta gefe: yaron da ya yi wata uku yana ba da Zariya, Sakkwato, Maraɗi, Damagaram, ya san sunayen garuruwa tun kafin ya ga taswira. Za ki iya barinsu su fara da unguwanninsu, wannan ya ba da Tudun Wada, wancan ya ba da Sabon Gari.

Sai dai ba kowane kacici-kacicin gargajiya ne zai shiga ajinki ba, kuma a nan ne za ki yi tankaɗe da rairaya. Ma'aunin guda ne: shin yaron ya taɓa ganin amsar da idonsa? Iya ta zaga, baba ya zaga, ba su haɗu ba. Wannan ya yi, don kowa yana da kunnuwa biyu, za su kama su su ja, su ga lallai ba sa haɗuwa. Ɗakin saurayi babu ƙofa, shi ma ya yi, musamman in kin zo da dafaffen ƙwai a jaka kin ba su sun jujjuya suna neman ƙofar. Daga nesa na jiyo muryar ƙawata, ki sa wani ya buga ganga ko bokiti a bayan aji. Na tsintsiya kuwa ya fi kowanne, domin za ki kwance maɗaurin a gabansu shanun su watse, ku ƙirga ashirin ko talatin tare, ku sake ɗaurewa. Ga ƙirgan da shugabarku take nema ya shigo ta taga.

Amma baba na ɗaka gemu na waje fa? Yaron da aka haifa a gidan da ake girki da gas bai taɓa ganin hayaƙi yana tuɗaɗowa ta saman madafa ba. Rawanin baba ya faskari naɗawa yana bukatar wanda ya taɓa tsayawa ya ga ana naɗa rawani, ya san tsawonsa, kafin ya haɗa shi da hanya. Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba, duk da shahararsa, amsarsa yunwa ce, abin da ba a gani ba a taɓawa. 'Yan biyar za su iya haddace shi, amma ganewa sai nan gaba. Ba na cewa a jefar da su. Haddar ma ajiya ce, wata rana yaro yana tafe zai yi turus ya ce au, ashe abin da ake nufi ke nan. Kada dai ki sa ran za su warware su da kansu. Waɗanda zan ce ki bari ɗungurungum su ne masu tsokanar wata ƙabila ko masu wata naƙasa. A dandali tsakanin abokan wasa da suka san juna wani abu ne daban, a aji kuwa ɗan wanda ake tsokana yana zaune a tabarma ɗaya da sauran.

Akwai wani abu da ya faru a gidanmu da nake so ki ji. Na taɓa yi wa wani ɗan ƙanwata, lokacin bai wuce shekara biyar ba, uku-uku ta gama gari. Amsar da muka gada ita ce murhu, duwatsu uku da a da suke kowane gida. Yaron nan bai yi wata-wata ba ya ce Keke Napep. Na buɗe baki zan ce a'a, sai na tsaya. Ƙafa uku gare shi, kuma wane lungu ne bai shiga ba? Amsarsa ta cika kowane sharaɗi, ta ma fi tawa dacewa da garin da yake gani. Na ce ya ci, sannan na gaya masa amsar mutanen da, muka je bayan gida na jera masa duwatsu uku na ɗora tukunya. In yaro ya kawo miki amsar da ba ita ce a takardarki ba, tambaye shi dalili kafin ki yanke. In dalilin ya zauna, ba shi abinsa. Malamin da ya nace sai amsar da ya haddace, ya mayar da wasan jarrabawa, jarrabawa kuwa suna da ita jibge a gaba.

Ga 'yan shekara uku, ko waɗannan ma sun yi nisa. Su ki fara musu da siffantawa a fili, ba lulluɓi. Ki sa abu a jaka ki ce, ina da wani abu, ja ne, zagayayye, ana sa shi a miya. Ina da wata dabba, tana da gemu, tana cewa meee. In sun gane sai ki zaro abin ko hotonsa su gani, domin ganin shi ne ladan. Idan sun goge a wannan, ki matsa zuwa ga kayan da Hausa ta ara wa sunayen gaɓoɓin jiki, abin da harshenmu yake da shi birjik. Me yake da baki amma ba ya magana? Tulu, kwalba, rijiya. Me yake da ƙafa huɗu amma ba ya tafiya? Kujera. Me yake da wuya da hannu biyu amma ba shi da kai? Kowa ya duba abin da ya sa a jikinsa. Nan ne yaro yake fara leƙa ma'ana ta biyu, amma da abin a hannunsa, yana shafa bakin kwalbar yana shafa nasa.

In kuma kina son ki koya musu kama tarko, kuma ya kamata su koya, to ki juya wasan ya zama su ne masu kama ki. Ki sanar tun farko cewa yau Anti za ta riƙa yin kuskure, duk wanda ya ji ya ce a'a Anti. Sannan ki ɗauko shirme muraran: na ga akuya ta sa takalmi za ta kasuwa, jiya kifi ya hau bishiya, da kunne nake cin tuwo. Za ki ji ajin ya kece, domin irin wannan ne abin dariyar ɗan shekara huɗu. Abin da suke koya a ciki babba ne, wato maganar babba ma ana iya auna ta, kuma an ba su izini. Bayan makonni kina haka, ki sako zakaranki a tsakiya, amma ki tabbata kun riga kun yi hirar kaza da zakara da 'yan tsaki. Ina kyautata zaton za ki samu mai tsalle ya ce a'a Anti, kaza ce ke yi. Tambayar dai ita ce ta ranar nan, amma yanzu shi ne ya kama, ba shi aka kama ba.

Za su fara kawo nasu, kuma ki shirya haƙuri. Wani zai ce, mene ne fari yana da wutsiya, kyanwarmu ce! Ya yi tambaya ya ba da amsa a numfashi ɗaya. Wani zai ce mene ne kore, ki faɗi duk wani kore na duniya ya ce a'a, ashe bokitin gidansu yake nufi, wanda ba ki taɓa gani ba. Dalilin shi ne ƙaramin yaro bai gama rarrabe abin da ke kansa da abin da ke kan wani ba. Za ki iya gwadawa: ki zuba tsakuwa a kwalin ashana, ki tambayi ɗan shekara uku me ke ciki, zai ce ashana. Ki buɗe ya gani, ki rufe, ki ce in abokinka ya shigo me zai zata yana ciki? Yawanci za su ce tsakuwa. 'Yan huɗu da rabi zuwa biyar ne za su yi murmushin mugunta su ce ashana zai ce. Masana sun yi irin wannan gwaji tun shekarun 1980 da kwalin alewa da fensir. Kacici-kacici kuwa gaba ɗayansa a kan wannan ya tsaya, na sani kai ba ka sani ba. Don haka in yaro ya kawo nasa a karkace, yana gwada ƙafarsa ne a kan wannan tsani. Ki yi kamar kin sha wuya, ki dafe kai, ki ba shi gari.

Game da shugabarku, kada ki ja da ita, gayyato ta ta zauna minti goma ranar tsintsiya. Minti goman ma ya isa, kacici-kacici uku ko huɗu a zama ɗaya, bayan an dawo daga tara ko dab da tashi, kuma ki maimaita na jiya kafin ki kawo sabo, don yara ba sa gajiya da abin da suka iya. Za ta ga ana sauraron jimla har ƙarshe, ana jiran layi, ana kwatanta abu da abu, ana faɗin dalili, ga sababbin kalmomi irin su maɗauri da faskara. Duk wanda zai karanta rubutu ya fahimta sai ya bi ta nan. Ki kuma yi shi da Hausa ko da makarantarku ta Turanci ce, domin wasan ba ya tashi sai a harshen da yaro yake mafarki da shi. In wani ya kawo zancen ba a tatsuniya da rana, wai mai yi zai ɓata, ki ce masa ni dai a ganina dabara ce ta iyaye don kada a bar aike da tallar rana a zauna hira.

In kuma aka ce wasa ne marar tushe, ki tuna musu da abin da ya zo a Bukhari, a Littafin Ilimi. Manzon Allah (SAW) ya tambayi sahabbansa wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda take kama da Musulmi. Mutane suka bazama cikin itatuwan daji suna ambato. Abdullahi ɗan Umar, wanda shi ne ƙarami a wurin, ya ji a ransa dabino ce, amma kunya ta hana shi magana a gaban manya. Da aka kasa, aka nemi amsa, sai ga shi dabinon ce. Bayan an tashi ya gaya wa mahaifinsa, Sayyidina Umar ya nuna masa da ya faɗa da ya fi masa daɗi a kan dukiya mai yawa. Kullum na karanta wannan, yaron da ya sani ya yi shiru nake tunawa, don a kowane aji akwai irinsa.

Yarinyarki kuwa, kada ki kira ta gefe kina ba da haƙuri mai tsawo, abin zai ƙara girma a ranta. Gobe da safe ki ba ta jakar, ki raɗa mata ta je ta saka duk abin da take so a ciki ba tare da kin gani ba. Ta tsaya a inda kike tsayawa, ke ki zauna a tabarma. Ki yi ta zato kina kuskurewa, ki ce giwa ce, ki ce jirgin sama ne, har sai ta ƙyalƙyale. Sannan ki ce kin gaji, kin ba ta Ƙauran Namoda. In ta ce ba ta so, ƙara mata Gusau ɗungurungum har da kasuwa.